Jar Fitilar da Tsawa Ya Kashe

Akwai wani bakanike da ake kira Tsawa, kuma duk wanda ya raɗa masa wannan suna bai zalunce shi ba. In ya ɗaga murya a garejinsa, har mai facin taya da ke ƙarshen layi sai ya tsaya ya saurara ko da shi ake.

Amma a faɗi gaskiya, mutumin ya iya aikinsa. Ba irin kanikawan nan ba ne da za ka kai musu mota tana tari su dawo maka da ita tana amai. Shi injin motar tsere yake haɗawa, tun daga kusar farko har ta ƙarshe, kuma ba ya yarda wani ya sa masa hannu.

Direbansa ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa ke kira Auta. Tun rasuwar mahaifinsu Tsawa ne ya riƙe shi, shi ya koya masa riƙe sitiyari, shi ya tsaya masa har ya yi aure. Auta bai taɓa mantawa ba. Ko da ma ya so ya manta ba zai samu dama ba, don kusan kullum sai an tuna masa.

Sun daɗe suna tseren miƙaƙƙiyar hanya, inda mota za ta tashi a guje ta miƙe kawai har layin ƙarshe. Da suka ga sun gama da wannan, sai Tsawa ya ce lokaci ya yi da za su shiga babban fili, inda ake zagaye, ga kwana ga hawa ga gangara. A can ba gudu kaɗai ake nema ba. Injin da zai jure ake nema, wanda za a yi ta gasa masa wuta zagaye bayan zagaye bai gaza ba.

"Ƙarfi ba shi da wuya," in ji Tsawa ga duk wanda ya tsaya sauraronsa. "Kowane sakarai zai iya ɗaura ƙaton turbo ya buɗe masa iska. Injin ya yi ƙarfi, kuma ya dawo gida lafiya, a nan ake gane bakanike."

Ga waɗanda ba su sani ba, turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta riƙa ɗura wa injin iska da ƙarfin tsiya. Iska ta ƙaru, fetur ya ƙaru, ƙarfi ya ninka. Sai dai zafi ma ya ninka, kuma duk abin da ke juyawa a cikin injin a kan ɗan siririn baƙin mai yake kwance. In man nan ya ɗauke ko na ƙiftawar ido, ƙarfe zai ci ƙarfe.

Tsawa ya san haka fiye da kowa, shi ya sa bai yi wa aikin sauri ba. Ya sa fistin masu jure zafi, wato ƙarafan nan da ke hawa da sauka a cikin inji. Ringinsu kuwa, zobban da ke zagaye da su, da hannunsa ya goge bakinsu ɗaya bayan ɗaya, ya bar musu ɗan sarari don in sun ɗau zafi sun kumbura kada su matse. Ya sa ƙaton lagireto, ya ƙara wani na dabam mai sanyaya iskar turbo kafin ta shiga injin. Kowace kusa sai da ya wanke ta ya auna ɗaurinta.

Sai kuma abin da ya fi alfahari da shi. Ya so injin ya sauka ƙasa sosai don motar ta manne wa kwalta a kwana, amma kaskon da ke ƙarƙashin injin ya hana shi. A kaskon nan baƙin mai ke taruwa kafin famfo ya zuƙe shi ya rarraba. Sai Tsawa ya yanke shi, ya rage masa zurfi, ya faɗaɗa shi ta gefe, ya yi masa walda mai kyau kamar ɗinkin tela.

Daga ranar, duk wanda ya shigo garejin sai an sa shi ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar ya yaba. Har mai kawo musu ruwan sha bai tsira ba.

Ranar gwaji ta zo. Suka kai motar fili, kanikawa da masu motoci suka taru don ganin abin da aka daɗe ana cika musu baki a kansa. Tsawa ya tsaya a jikin katangar da ke kusa da layin tashi, ya rufe ido ya kasa kunne. Haka yake yi kullum. Ya ce kunnensa ya fi kowace na'ura sanin lafiyar inji.

Motar ta wuce tana ruri, ta ɓace bayan wani tudu, ta sake fitowa. A bayan tudun nan akwai wata doguwar kwana ta hagu wadda ake shiga da gudu, a daɗe a cikinta kafin a fito. Daga inda Tsawa ke tsaye ba a ganinta, ba a kuma jin abin da ke faruwa a can.

Auta ya dawo ya tsaya, ya cire hular kwano, gumi na zuba masa. Mutane suka kewaye motar.

"Yaya, motar nan aljana ce," ya ce yana dariya. "Amma akwai matsala. Jar fitilar baƙin mai tana ƙiftawa a doguwar kwana, wajen ƙarshenta. Anya ba kaskon nan ba ne?"

Wani bakanike mai gareji a tsallaken titinsu, wanda dama ba sa ga maciji da Tsawa, ya juya baya yana tari irin na mai danne dariya.

Fuskar Tsawa ta canja.

"Me ka ce?"

"Na ce fitilar..."

"Ka ce kasko! Kai har ka san kasko? Yaushe aka haife ka? Ni ina nan ina saurare, ko tari injin nan bai yi ba. Tsoro ne ya kama ka a kwanar, idonka ya fara gane-gane!"

Auta ma ba kanwar lasa ba ne, jininsu ɗaya. Ya buga hular a kan rufin motar.

"Ni ke cikin motar ko kai? Na ce maka na gani da idona!"

"Rufe min baki! Hau mu tafi."

A hanya Tsawa na ta cika yana batsewa. Ba maganar fitilar ce ta fi ƙona masa rai ba. A gaban mutane aka faɗe ta, kuma yaron da ya goya ne ya faɗa.

Washegari Tsawa ya cire 'yar na'urar da ke kunna fitilar, ya ce ita ce ta lalace, ya sa sabuwa. Suka koma fili. Auta ya dawo ya ce fitilar na nan tana ƙiftawa a daidai wurin.

Sai Tsawa ya ɗora motar a kan na'urar gwaji, irin wadda ake ɗaure mota a kai tayoyinta su yi ta juyawa tana tsaye wuri ɗaya. Ya kira Auta, ya kira maƙwabta, ya taka totur har ƙasa. Garejin ya ɗauki ƙara, kwanon rufi na rawa, salansa ta yi ja. Fitilar ko motsi ba ta yi ba.

"Ga shi nan!" ya daka tsawa bayan ya kashe injin. "Ina fitilar taka? Nuna min ita!"

"Yaya, a tsaye motar take. A nan ba ta kwana."

"Au, yanzu kuma ka fi na'ura sani?"

Auta ya numfasa, ya sassauta murya.

"Abu ɗaya nake roƙonka. Mu ɗaura kujera a gefena, ka zauna, mu yi zagaye ɗaya tak. Ka gani da idonka. In ba ta ƙifta ba, na yarda ka mare ni a gaban kowa."

To, a nan ne gizo ke saƙar. Mutumin nan da ke haɗa injuna masu tashi kamar iska, ba ya iya zama a cikin mota ana tsere da ita. Gudu na tsinka masa zuciya. Sau ɗaya ya gwada tun yana saurayi, kansa ya juya, ya fito yana layi, kuma bai bari kowa ya sani ba. Da ya faɗa wa ƙaninsa haka a keɓe, babu abin da zai ragu a jikinsa. Amma ina, girman kai ba zai bar shi ba.

"Ni zan zauna a gefenka kamar fasinja? Ba ni da aikin yi ne? Aikina haɗa inji, aikinka taka totur. Kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi."

Kada ku ɗauka Tsawa bai gane ba. Ya gane sarai, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan. Ya san in mota ta daɗe a kwana da gudu, duk abin da ke cikinta mai ruwa-ruwa gefe guda yake komawa, kamar yadda ruwa ke yi a faranti in ka juya da shi da sauri. Kaskonsa ba zurfi, ga faɗi. Man na iya guduwa gefe ya bar bakin famfo yana zuƙar iska.

Wata safiya kafin kowa ya iso, ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar da sifana. Ya ɗora ta a kan kusar farko ta kaskon. Maganin bai fi ya yi wa cikin kaskon 'yan shingaye na fallen ƙarfe ba, waɗanda za su tare man kada ya gudu.

Yana shirin juya sifanar sai ya ji takun mutum. Bakaniken tsallaken titi ne ya leƙo da murmushinsa mai cin rai.

"Sannu da aiki, maƙwabci. Ashe dai kaskon ne? Kai, yaran zamani akwai ido."

Tsawa ya fito daga ƙarƙashin motar kamar an tsikare shi.

"Wane kasko? Ƙura nake gogewa. Fita min daga gareji!"

Da mutumin ya fita, Tsawa ya jefar da sifanar ta daki bango. Ya buɗe ƙofar motar, ya zura hannu bayan fitilun gaban direba, ya lalubo wayar jar fitilar, ya sa filaya ya datse ta.

A gwaji na gaba Auta ya dawo fuskarsa a sake, ya ce yau dai ba ta ƙifta ba. Sai dai da ya kashe motar ya sake murɗa makulli, ya lura da wani abu. Fitilar nan takan kama da zarar an murɗa makulli, kafin injin ya tashi. Yau ba ta kama ba. Ya sunkuya ya leƙa, ya ga wayar tana reto.

Ya fito a hankali, ya nufi Tsawa ransa a ɓace.

"Yaya, kai ka yanke wayar nan?"

"Na cire maka abin da ke tsorata ka. Ka gode min."

"In gode maka? Ka sa ni na shiga kwanar nan da gudu ido rufe! Da injin ya buga fa? Ashe kaskonka ya fi maka raina?"

"Kai, ka iya bakinka!"

"Ba zan iya ba! Wallahi ba zan ƙara shiga motar nan ba sai ka sauke kaskon nan."

"To kada ka shiga! Direbobi sun ƙare ne a duniya?"

Maganar ta kai gida. Mahaifiyarsu, Inna, ta kira su ɗakinta. Tsawa ya zauna a bakin ƙofa yana karkaɗa ƙafa, Auta ya zauna a ƙasa kusa da gadonta, matarsa na tsaye a jikin labule.

"Babba," in ji Inna, don haka take kiran Tsawa, "ni ban san inji ba. Amma yaron nan bai taɓa yi maka ƙarya ba. Me zai rage ka in ka buɗe ka duba?"

"Inna, ki bar maganar nan. Raini ne kawai. An fara tafa masa a fili, kansa ya kumbura. Ni na koya masa tuƙi, ni na..."

"Ka koya min, ka ciyar da ni, ka yi min aure, na sani!" Auta ya katse shi. "Kullum sai na ji. To don ka raine ni sai ka kashe ni?"

Matar Auta ta sa baki.

"Yaya, don girman Allah. Tun ranar da ya faɗa min maganar fitilar nan hankalina bai kwanta ba."

Tsawa ya juya ya watsa mata harara.

"Ashe ke ce ke zuga shi. Dama na san ba a banza ba."

"Babba!" Inna ta buga hannu a kan gado. "A gabana?"

Tsawa ya miƙe, ya nuna Auta da yatsa.

"Daga yau kada in ƙara ganin ƙafarka a garejina. Ka je ka nemi wanda zai haɗa maka injin da ba shi da fitila."

Ya fice ya buga ƙofa, ya bar Inna tana kiran sunansa.

Auta na da iyali, kuma tuƙin tsere ne sana'arsa. Ba a daɗe ba bakaniken tsallaken titi ya ba shi tasa motar. Ba ta kai ta Tsawa ƙarfi ba, amma lafiyarta ƙalau. Kullum da safe Tsawa na ganin ƙaninsa yana shiga garejin abokin gabarsa, sai ya ji kamar ana zuba masa garwashi a ƙirji. Har gaisuwa Auta ke ɗago masa hannu daga can, shi kuwa ya kau da kai.

Ya samo wani direba da ake kira Ɗan Gayu, saurayi mai son a gan shi, mai baƙin tabarau ko a cikin inuwa. Abin da ya fi burge Tsawa da shi shi ne ba ya tambaya. Ka ce masa taka, ya taka. Tsawa bai faɗa masa komai game da fitilar ba.

Ranar babban tsere, ana jera motoci a layi, sai Auta ya tako har inda Ɗan Gayu ke ɗaura hula. Ya sunkuya ta taga.

"Ɗan'uwa, ka saurare ni. In ka shiga doguwar kwanar bayan tudu, ka sassauta kaɗan. Man motar nan na ɗaukewa a can."

Kafin ya rufe baki Tsawa ya iso, ya finciko shi ta kafaɗa.

"Munafuki! Bai ishe ka ka ci amanata ba, sai ka zo ka karya wa direbana zuciya don ka ci tsere?"

"Yaya, rai nake jiye masa."

"Ɓace min da gani!"

Auta ya tsaya ya kalle shi, idonsa ya yi ja. Ya girgiza kai ya koma motarsa.

Tsawa ya dafa rufin tasa motar, ya sunkuya wajen Ɗan Gayu.

"Ka ga yaron can? Ban damu da sauran ba. Ko na nawa za ka zo, ka zo. Abu ɗaya nake so, kada ka bari ya shiga gabanka. Ina so ya yi ta kallon bayan motata har a tashi."

"An gama, ranka ya daɗe."

Aka ɗaga tuta, motoci suka tashi. Injin Tsawa ya nuna ƙarfinsa, Ɗan Gayu ya fita gaba. Auta, da yake ya fi shi iya kwana, ya manne masa a baya ya ƙi sakinsa. Duk sanda suka wuce ta gaban katangar, Tsawa sai ya daka tsalle yana dukan ƙirji.

"Ku gan shi! Ina mai fitilar? Yana baya! Can ne wurinsa!"

Yana ta ihu har muryarsa ta fara dushewa. Zagaye ya yi nisa, rana ta take, injuna suka ɗau zafi, man da ke cikinsu ya tsinke ya koma kamar ruwa. Motocin biyu suka sake wucewa, tasa a gaba, ta Auta a bayanta, suka ɓace bayan tudun.

Tsawa ya rufe ido ya kasa kunne yana jiran su fito. Ba su fito ba. Da ya buɗe ido, baƙin hayaƙi ya gani yana tashi daga bayan tudun, ma'aikatan fili na kaɗa jajayen tutoci suna gudu.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. A ƙarshen doguwar kwanar injin Tsawa ya buga. Sandar fistin ta karye ta fasa jikin injin, baƙin mai ya malale a kan kwalta. Motar Ɗan Gayu ta gangara kan ciyawa ta tsaya, ya fito ko ƙwarzane bai yi ba.

Wanda ke bayansa ne ya taka man. Motar Auta ta juya, birki bai kama ba, sitiyari bai ji ba, ta tafi a kaikaice ta daki katanga ta ɓangaren direba.

Tsawa ya so ƙaninsa ya kasance a bayan motarsa, kuma a bayanta ya kasance.

Ya ruga da gudu ya hau tudun, takalminsa ɗaya ya fita bai tsaya ba. Yana isa ana yanke ƙofar motar don a ciro Auta. Ya yi ta kiran sunansa, ma'aikata suka riƙe shi suka hana shi matsawa.

A asibiti matar Auta ce ta tare shi a bakin ɗakin. Yarinyar da ko ido ba ta iya haɗawa da shi, yau ta tsaya a gabansa ƙyam.

"Ina za ka, Yaya? Me ka zo gani? Ka zo ka ga ko ya ji tsoro ne?"

"Ki bar ni in gan shi."

"Ya roƙe ka! A gaban mutane ya roƙe ka! Zagaye ɗaya ya ce ka zauna kusa da shi, ka ƙi. Yanzu ka zo ka zauna kusa da gadonsa? Wallahi ba yau ba."

Tsawa ya waiwaya wajen Inna da ke zaune a kan benci, ko za ta sa baki. Inna ta ɗago ta dube shi da jajayen idanu.

"Na haifi 'ya'ya biyu, ɗaya na kwance a ciki, ɗayan ban gane shi ba. Tafi, Babba. In na ci gaba da kallonka zan faɗi abin da zai bi ka."

Allah ya yi Auta da sauran kwana. Ƙashin ƙugunsa ya karye, kafaɗarsa ta dama ta murƙushe, jijiyoyin hannun suka taɓu. Likita ya ce zai yi tafiya in an yi haƙuri, amma hannun ba zai ƙara riƙe sitiyarin tsere ba.

Tsawa ya ja gawar motarsa zuwa gareji, ya rufe ƙofa, ya sauke injin. Da ya buɗe shi, ya ga abin da ya riga ya sani. Ƙarafan da ke kwance a kan mai duk sun ƙone sun yi shuɗi, wasu sun narke sun manne. Turbo ɗin ma ya cinye kansa. Bai buƙaci kowa ya fassara masa ba, yunwar mai ce.

Ya ɗauko wani kasko, ya yanka fallen ƙarfe, ya yi masa shingayen da ya kamata ya yi tun farko. Kafin rana ta karkata ya gama. Ya zauna a ƙasa yana kallonsa, haushin kansa ya turnuƙe shi, ya ɗauki guduma ya yi ta dukan tsohon kaskon har ya lotse, har hannunsa ya fashe.

Sai bayan an sallamo Auta aka bar shi ya shiga. Ya same shi zaune a falo an tokare masa baya da filo, hannun daman a rataye a ƙirji, ya rame. Matarsa na gefe da kofin ruwa.

Tsawa ya durƙusa a gaban ƙaninsa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

"Auta, na buɗe injin. Kaskon ne. Kai ne da gaskiya tun ranar farko, kuma na sani tun lokacin. Ban ƙi shiga motar don raini ba, tsoron gudu nake yi, na kasa faɗa maka. Ni na jawo maka wannan. Ka zage ni, ka faɗi duk abin da ke ranka."

Ya sunkuyar da kai yana jira. Zagin yake so. Sun saba da faɗa tun suna yara, kuma duk sanda suka yi wa juna ihu, daga baya sukan zauna su ci abinci a kwano ɗaya.

Auta ya dube shi ba fushi, ba murmushi.

"Ba komai, Yaya. Ya wuce."

"Na gyara kaskon. Na yi masa shingaye. In ka samu sauƙi ka zo ka gani, ko ka tsaya min a kan..."

"Allah ya sa albarka."

Ya juya ga matarsa ya ce ta ba shi ruwa. Ya kai hannun hagu zai karɓa, kofin ya karkace ruwan ya fara zuba masa a riga. Tsawa ya zabura ya miƙa hannu zai tallafa.

"Bar shi, Yaya," in ji Auta. "Ita za ta yi."

Ta riƙe masa kofin ya sha. Da ya gama ya jingina, ya lumshe ido, ya yi magana da irin muryar da ake sallamar baƙon da ya zo dubiya.

"Mun gode da zuwa. A gai da mutanen gareji."

Tsawa ya daɗe a durƙushe. Daga baya ya dafa ƙasa ya tashi, ya nemi takalmansa a bakin ƙofa. Matar Auta ta biyo shi, ta jira ya fita, ta mai da ƙofar ta rufe.

Darasi: In na ƙasa da kai ya ce maka ya ga matsala a aikinka, ka je ka duba, ko da a gaban mutane ya faɗa, ko da ranka ya ɓaci. Toshe bakin mai gargaɗi ba ya gyara komai, kuma sau da yawa ba mai girman kan ne ke fara jin jiki ba, wanda ya fi kusa da shi ne. Ana iya yafe maka, amma ba lallai ka sake samun mutumin yadda ka san shi ba. Ku tura wa wasu labarin nan, musamman wanda kuka san ba a isa a ce masa ya yi kuskure ba.